An Sauko da Baba Direba Gangare

Ina tsakiyar aske wa wani mai facin taya gemu aka kawo Baba Direba unguwarmu. Motar da ta kawo shi can bakin gada ta tsaya, don tun da ruwa ya cinye rabin gadar, babu motar da ke shigowa wajenmu sai wadda mai ita ya gaji da ita. Na leƙo da aska a hannu, sai ga ɗan dako ɗauke da katifa, bayansa wani tsoho mai sanƙo yana tafe yana tsayawa yana neman numfashi. Can baya kuma wani mai ƙiba cikin fararen kaya, ya tattare riga da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya toshe hanci da hankici, yana tsallake kwata kamar kazar da aka jefa a ruwa.

Garinmu kashi biyu ne, tudu da gangare. Ba sai an yi maka bayani ba, hancinka zai gaya maka inda kake. Duk ruwan da mutanen tudu suka gama da shi, na wanka, na wanki, da wanda ba a faɗa a gaban abinci, ta ƙofar gidajenmu yake bi ya wuce. Bayanmu masu ƙona tsofaffin tayoyi ne don su cire waya, gefenmu masu fasa batir. Muna da asibiti kuwa, da fentinsa da allonsa, awaki ne ke kwana a ciki.

Gidan da ke kallon shagona na tsohon ne. Shi ya gina shi lokacin yana jan babbar mota, ya bar shi tun tuni ya koma tudu wajen babban ɗansa. 'Yan haya sun cika ko'ina, sai ɗaki ɗaya na can ƙurya da ya jingina da kwata, wanda ko kyauta aka ba mutum sai ya ce zai yi shawara. Nan aka shimfiɗa katifar.

Mai fararen kayan ya ƙaraso ƙofar shagona. Shi ne babban ɗan, Injiniya ake ce masa.

"Malam, kai ne mai askin nan? To, ga Baba nan, a riƙa leƙa shi. Ya matsa mana yana son dawowa cikin mutanensa. Kwana biyu ne kawai, kafin a gama yi wa ɗakinsa fenti."

Tsohon ya dafa bango ya ce, "Babba, ka zaɓi ɗaya mana. Ni na matsa, ko fenti za a yi?"

"Duka biyun, Baba."

"Madalla. A gidanka na fara ganin fentin da sai an kwashe har butar mai ɗaki."

Injiniya ya yi dariyar yaƙe, ya duba agogo, ya ce ana jiransa.

Washegari da hantsi Baba ya shigo shagona ya hau kujera ya ce a yi masa aski. Na dubi kan, ko sili ɗaya babu, har fuskata nake gani a ciki.

"Baba, me zan aske?"

"Ka nemo. Aikinka ne, ba nawa ba."

Haka muka fara. Kullum sai ya zo, in shafa masa kumfa, in bi da aska a banza, shi kuma ya yi ta zuba. Mutum ne mai baki, ko liman ya wuce sai ya sami abin da zai ce game da tafiyarsa. A ranar farko ya fara tambayata mutanensa.

"Ina Dogo mai walda?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Baba."

"Allah ya jiƙansa. Mai shayin kan kwana fa?"

"Shi ma. Ɗansa ya gaji teburin, bara shi ma ya bi shi."

"Kurman nan mai gyaran rediyo?"

Na ce shi ma ya tafi. Ya kalle ni ta madubi.

"Kai, wannan unguwa ce ko tasha? Kowa ya zo sai ya hau mota? Duk fa ƙannena ne waɗannan. Dogo ni na koya masa busa sigari."

Ya yi ɗan tari, ya goge baki, ya ce shi dama ya sani. Ya ce ya zaga ƙasar nan da mota gabas da yamma, kuma duk inda kwalta ta ƙare, ka duba gefen hanya, maƙabarta ta fi kasuwa girma. Ya ce ba a littafi ya karanta ba, ta gilashin mota ya gani. Abin da bai taɓa zato ba shi ne a sauke shi a irin wurin a matsayin kaya.

Asma ce ke damunsa. An haɗo shi da wani ɗan injin tururi da ake jona wa wuta ya shaƙa idan ƙirji ya riƙe. Sai dai wuta a wajenmu baƙuwa ce, takan leƙo ta gaishe mu ta koma. Injin ya zauna a lungu, Mai Wankau ta rufe shi da tsumma don kada ƙura ta ɓata shi. Mai Wankau ita ce ke haya a ɗakin da ke manne da nasa. Mijinta mai fasa batir ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da baho. Ba wanda ya ce ta kula da Baba. Ta ji tarinsa ta bango ne kawai, ta kasa haɗiye abincinta, ta fara kai masa ruwan zafi da abin da ta dafa.

Ɗakin kuwa bangonsa gumi yake yi rani da damina. Baƙar funfuna ta hau shi tun daga ƙasa har kusan ƙugun mutum. Taga ɗaya ce, idan ka buɗe hayaƙin taya ya shigo, idan ka rufe warin kwata ya zauna da kai. Baba ya ce ya gwada duka biyun, hayaƙin ya fi, don shi aƙalla yana tuna masa da aiki.

Mutanen layinmu ba su ɓata lokaci ba suka yanke hukunci. Suka ce ai matar ɗan ce ta sa aka fitar da shi, su matan tudu haka suke. Sai ga matar ta zo da kanta wata rana, ita kaɗai, da kwanon abinci a hannu, takalminta ya cika da laka. Ina ɗakin ina yanke wa Baba farce. Tana ganin bangon ta durƙusa ta fashe da kuka.

"Baba, ka yafe mini. Wallahi na roƙe shi har na gaji."

"Tashi, 'yata, kada ki jiƙa mini ɗaki, ya ishe shi haka. An gama fentin?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce babu wani fenti. Likita ne ya gaya wa Injiniya jininsa ya hau, teɓa ta yi yawa, idan bai motsa jiki ba ba zai yi nisa ba. Shi ne ya sayo injin gudu, irin wanda mutum ke hawa ya yi ta sassarfa a wuri ɗaya, ya sa a ɗakin Baba don shi ne mai manyan tagogi.

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na bubbuga masa baya.

"Wato an fitar da ni ne don a sa motar da ba ta zuwa ko'ina? To sauran ɗakunan fa? Na baƙi fa?"

"Ya ce na baƙi na baƙi ne. Kuma ya ce tarinka yana hana shi barci, likita kuma ya ce rashin barci yana rage kwana."

"Allah sarki. Ashe kwanansa nake ci ban sani ba. Ki ce masa ya yi ta gudu, Allah ya kai shi lafiya."

Ta tafi tana share hawaye. Ba ta sake zuwa ba, daga baya na ji an hana ta.

Baba yana da 'ya mace, ƙanwar Injiniya. Mu Anti Taro muke ce mata, don duk lokacin da aka kira ta tana cikin taro. Wata ƙungiya take yi wa aiki, masu zama a otal suna tattauna abin da ya sa talakawa ke saurin mutuwa. Ita ma ta zo. Ta zo cikin takalmin roba har gwiwa, da wani saurayi mai ɗaukar hoto. Suka ɗauki kwata, suka ɗauki hayaƙi, suka ɗauki awakin asibiti. Sannan ta shiga wajen mahaifinta, ta gaishe shi, ta ce a fito da shi ƙofar ɗaki inda haske ya fi.

"Baba, ɗan bayani za ka yi mana. Amma don Allah kada ka ce mini 'yata a gaban na'ura. Aiki ne."

"To, ranki ya daɗe."

Saurayin ya saita na'ura. Ta gyara murya ta ce, "Muna tare da wani dattijo mazaunin wannan yanki. Dattijo, tun yaushe kake zaune a nan?"

"Tun da ɗan'uwanki ya fara ƙiba."

Ta ce a yanke. Aka sake. Ta tambaye shi me yake ganin ya sa mutanen yankin ba sa daɗewa a duniya.

"Ladabi ne da su. Ba sa son su tsufa su dami 'ya'yansu."

Ta ce a kashe na'urar gaba ɗaya. Da saurayin ya fita, Baba ya kama hannunta, muryarsa ta sauka.

"Uwata, ki tafi da ni gidanki. Ba ni da ci da yawa."

Ta zauna ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Gidanta a bene yake, hawa zai wahalar da shi. Maigidanta mutum ne mai son shiru. Ita kuma jibi za ta tashi zuwa wani babban taro, inda za a nuna hotunan nan, kuma daga nan ne za a sami mafita ga kowa da kowa.

"Baba, ka gane, matsalar ba ta mutum ɗaya ba ce. Matsalar ta tsari ce."

"Wane ne Tsari? Ki nuna mini gidansa in je in roƙe shi da kaina."

Ta ce Baba ba ya rabo da wasa. Ta bar masa kwalin lemo, ta tafi.

Da damina ta kankama, Baba ya daina zuwa shago. Tsallaka layin nan kaɗai sai ya zauna a dakali ya huta. Ni na koma kai masa askin ɗaki. Na tarar katifar ta sha ruwa ta ƙasa, muka ɗora ta a kan bulo. Rigar da a da take kama shi yanzu rataye take a kafaɗa. Abin shaƙarsa na aljihu ya ƙare, muka je wajen mai kemis ɗin unguwa, wanda duk cutar da ka kai masa, ko karaya ce, maganin tari yake ba ka. A wannan karon dai ya dace da cutar, sai dai maganin bai san haka ba.

Na karɓi lambar Injiniya na fara kira. Ran farko ya ce yana kan hanya, zai kira ni. Ran da na sake samunsa ya ce, "Malam, tarin nan tun muna yara muke jin sa. Mutanen da ai ƙarfe ne, sai ya binne mu duka." Na ce masa ɗakin babu iska. Ya ce an gama. Washegari ɗan dako ya shigo da sabuwar fanka mai tsayi, a cikin ledarta. Baba ya zagaya ta da ido, ya dubi soket, ya ce a ajiye masa ita kusa da ƙofa. A kanta yake rataye hularsa.

Sai wata rana leɓɓansa suka yi shuɗi. Ni da Mai Wankau muka tallafe shi har bakin titi, muka sami mota zuwa babban asibiti. Aka sa masa iska, aka kwantar da shi. Cikin 'yan kwanaki mutum ya dawo, har ya fara tsokanar masu jinya, yana ce wa wata mai allura da a mota take da tuni an ƙwace lasisinta. Ran sallama Injiniya ya zo, da turarensa. Ina tsaye likita ta tambayi inda Baba yake kwana. Na faɗa mata. Ta dubi Injiniya ta ce, "Kada a mayar da shi ɗakin nan. Idan aka mayar da shi, ba na jin zan sake ganinsa." Injiniya ya yi ta gyaɗa kai, ya ce ai dama abin da yake faɗa ke nan.

Muka shiga mota, Baba a gaba, ni a baya da ledar magani. Baba ya yi ta hira, yana shafa kujera yana yaba sanyin motar. Akwai wani shataletale a hanya, hagu tudu, dama gangare. Tun daga nesa hirar ta ɗauke. Na ga ya kafa wa hannun ɗansa ido. Sai sigina ta fara ƙyas, ƙyas, ƙyas, ta hannun dama.

Muka sha kwanar. Sannan Baba ya ce, "Ka iya tuƙi, Babba. Ka ba da sigina da wuri."

A bakin gada Injiniya ya kashe mota ya fara bayani. Akwai baƙi da za su zo daga nesa. Yara suna jarrabawa. Ana shirin gina wani ɗaki a baya, da zarar an gama. Baba ya ɗaga masa hannu. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Ba ɗakin nake so ba. Ka ba ni garejin mota. Akwai wuta, akwai iska. Zan kwanta gefen motar, ba zan taɓa ta ba. Tarin ma ba za ka ji ba."

"Haba Baba! Gareji? Me mutane za su ce? A ce na sa ubana a gareji?"

"To nan me suke cewa?"

"Nan ai gidanka ne. Kowa ya san gidanka ne."

Baba ya buɗe ƙofa da kansa. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ture. Sai da motar ta ɓace sannan ya yarda ya jingina da ni. Muna tafe a hankali ya ce, "Mai Aski, ka ga yaron nan? A kan cinyata ya fara riƙe sitiyari."

Daga nan abin ya yi ta gangarowa. Maganin asibiti ya riƙe shi na ɗan lokaci, ɗakin ya ci ƙarfin maganin. Ya daina kwanciya, a zaune yake barci, ya jingina da bangon da ke kashe shi. Idan yana numfashi daga tsakar gida kana jin fito kamar an bar buta a wuta. Abinci sai Mai Wankau ta yi da gaske yake cin cokali biyu. Na ce ya dawo shagona ya riƙa kwana, ya zo ya gwada, hayaƙin da ke nan shi ne a can, layi ɗaya ne. Na kira Anti Taro, ta ce tana filin jirgi, amma hotunan sun taɓa zukatan mutane sosai. Na kira Injiniya, yana haki ya ce yana motsa jiki, in kira an jima.

Bakin dai bai mutu ba. Liman ya zo duba shi ya ce ya yi haƙuri, komai da lokacinsa. Baba ya ce, "Na yarda, Malam. Amma a unguwar nan agogon yana gaba."

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan tudu ya shigo gidaje. Mai Wankau ta faɗo shagona ba ko mayafi, ta ce in zo. Na tarar da Baba a durƙushe kan katifa, ruwa har idon sawu a ɗakin, ya kama ƙirji, idanunsa sun firfito. Na dubi soket don sabo kawai. Muka ari baron mai sayar da ruwa, muka shimfiɗa bargo, muka ɗora shi. Mai Wankau ta riƙe masa leda a ka, ni ina turawa, masu facin taya suna ɗaga gaban baron duk inda ya kafe.

Tayar ta faɗa rami, baron ya karkata. Baba ya buɗe ido, da ƙyar ya haɗa maganar.

"Mai Aski... tuƙinka... na ɗan koyo ne."

"Yi haƙuri, Baba, mun kusa titi."

"Bi a hankali... ba sauri... nake ba."

Da muka isa gada, ruwa ya shafe ta, ba a ganin inda rabin da ya rage yake. Samari suka shiga suna lalube da ƙafa. Kafin su gano hanya, Mai Wankau ta sauke ledar daga kansa. Ta ce mini, "Bar turawa."

Wannan karon kira ɗaya na yi Injiniya ya ɗauka. Kafin ruwan ya gama janyewa ya iso da motoci. Ya rungume ni yana kuka, kukan gaske kuwa, da majina. Na ce za mu yi masa sutura a nan cikin maƙwabtansa. Ya ce ina, ba zai yiwu ba, manyan mutane za su zo, ina za su ajiye motoci? Nan da nan aka sami wuri a gidan tudu. Babban falo aka kwashe, aka kunna na'urar sanyi, aka kwantar da Baba a tsakiya, iska tana kaɗa mayafin da aka rufe shi da shi. A sanarwar da suka bayar suka ce ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya.

Bayan an binne shi, ni da Mai Wankau muka hau tudu yin gaisuwa. Ita ta shiga wajen mata, ni na sami gefen rumfa na rakuɓe. Ni mai aski ne, duk inda na shiga kawunan mutane nake fara kallo. Wallahi tun da na fara riƙe aska ban taɓa ganin furfura mai yawa haka a wuri ɗaya ba. Fari fat, layi-layi, kamar an shanya auduga. Tsofaffi tukuf, da sandunansu masu kan azurfa, suna cin nama da haƙoransu, suna gardamar siyasa. A shagona sai in yi wata ban share farin gashi daga ƙasa ba. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba, na ɗauka haka kawunan mutane suke.

Wani daga cikinsu, wanda ya isa ya haifi Baba, ya jawo Injiniya kusa ya tambaye shi shekarun marigayin.

"Bai cika saba'in ba, Baffa."

"Subhanallahi! Ai yaro ne! Me ya same shi haka da wuri?"

Wani na kusa da shi ya raɗa masa, da irin raɗar kurame da kowa ke ji, cewa ai a gangare yake zaune.

Tsohon ya saki ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe.

"Au, a gangare? To ai ya yi ƙoƙari."

Duk rumfar aka gyaɗa kai. Injiniya ya share ido ya ce sun yi, sun yi ya dawo, ya ƙi, shi dai mutanensa. Aka ce haka tsofaffi suke, taurin kai. Aka ce ajali ne, idan ya zo ko a ina kake. Aka shafa addu'a, aka miƙo wani farantin.

Ajali gaskiya ne, ban musa ba, ni ma ina jiran nawa. Amma ban taɓa ganin ajalin da ya haddace hanyar unguwa ɗaya kamar tamu ba. Kuma mutanen rumfar nan sun sani. Ba wanda ya yi musu taro a otal, ba wanda ya nuna musu hoto, amma kowannensu yana da mudu biyu a kansa, na awon ran mutumin tudu daban, na mutumin gangare daban. Injiniya ma ya sani. Ya san abin da hayaƙi ke yi wa ƙirji, ya san abin da bango mai gumi ke yi wa tsoho, likita ta faɗa masa a gabana. Mu da aka haifa a gangare ba wanda ya zaɓa mana, a nan muka buɗe ido. Baba Direba kuwa ya riga ya tsira, ɗaukarsa aka yi a mota mai sanyi aka dawo da shi. Da wuƙa aka sa masa da yanzu ana kotu. Da yake ɗaki aka ba shi, ga shi ana yi wa mai gida sannu da haƙuri.

Ban ci naman ba. Na jira Mai Wankau ta fito muka kamo hanya. Na ba ta labarin abin da tsohon nan na rumfa ya ce. Sai ta tambaye ni shekaruna. Na gaya mata.

"To ka dage, Mai Aski," in ji ta. "Kai ma ka kusa yin ƙoƙari."

Dariya muka yi ta yi har bakin gada. A nan ta tsaya ta dafa ƙarfe, tari ya sarƙe ta. Na tsaya ina jira ya sake ta.